Kalmar "yaƙi" ta raba kan zauren tsofaffin ɗalibai

Injiniya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku gafarce ni da dogon rubutu, raina ne a ɓace, in ban fitar da abin da ke cikina ba yau ba barci. Ɗazu na halarci wani taro kan tsaron na'urori. Da aka zo lokacin tambayoyi na miƙe, ban rufa minti biyu ba mai jagorantar zaman ya yi wa yaronsa inkiya aka zare makirufo daga hannuna, wai wannan maganar manya ce. Shekara goma sha ɗaya ina gadin kwamfutocin mutane dare da rana, amma don ba ni da anini a kafaɗa ko furfura a gemu ban isa in buɗe baki ba. To ga abin da aka hana ni faɗa, ku ku ji.

Ƙasar da ta rarraba aikin yaƙin intanet ofis-ofis, kowa da ogansa, kowa da kasafinsa, ba ta shirya ba. Sai an ɗaure tsintsiyar wuri guda: runduna ɗaya, kwamanda ɗaya, wanda in abu ya taso ƙarfe biyun dare kowa ya san lambar wa zai kira.

Amurka ma sai da ta sha wuya ta gane haka. A 2008 wani ya cusa filash a wata kwamfutar soja a ɗaya daga cikin sansanoninsu na Gabas ta Tsakiya, ashe akwai muguwar manhaja a ciki. Ta bi layi har cikin na'urorin da ake ajiye bayanan sirri, aka yi sama da shekara ana fama kafin a share ta. A lokacin masu tsare gida suna ƙarƙashin wani ofis, masu kai farmaki suna ƙarƙashin wani, sojan ƙasa da na ruwa da na sama kowa na ji da nasa na'urorin. Shi ya sa a 2009 sakataren tsaro Robert Gates ya ce a haɗe su. A 2010 rundunar intanet mai suna Cyber Command ta fara aiki a Fort Meade da ke jihar Maryland, Janar Keith Alexander ne kwamandanta na farko. Da fari ƙarƙashin rundunar da ke riƙe da makaman nukiliya aka sa ta, sai a watan Mayun 2018 aka bar ta ta tsaya da ƙafarta, kwamandanta na amsa umarni kai tsaye daga sakataren tsaro. Ƙungiyoyin aiki 133 suka tsara, mutum wajen 6,200. Jamus ta ware nata sashen a 2017. Singafo a 2022 ta mai da shi reshe na huɗu, kafaɗa da kafaɗa da sojan ƙasa da na ruwa da na sama.

Mu a nan gida sojan ƙasa sun kafa tasu rundunar a 2018 zamanin Janar Buratai, madalla. Ga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga 'yan sanda da nasu sashen, ga EFCC, ga hukumar fasahar zamani NITDA, ga hukumar sadarwa NCC. Tambayata guda ce: ranar da aka far wa bankuna ko tashoshin wuta daga wata ƙasa, wa zai ce a rama, wa zai ce a dakata? Yaƙi ne fa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Manjo (mai ritaya):
Wa alaikumus salam. Injiniya ƙanena, na karanta har ƙasa. Wanda ya karɓe maka makirufo bai kyauta ba, wannan kam. Amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: yaƙi. Ni na je Laberiya da ECOMOG, na je Saliyo. Na saɓa gawar yaron da ni na koya wa ɗaure takalmi, na yi tafiya da ita a cikin ruwan sama har inda motarmu take. Wannan shi ne yaƙi. Mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi, shayi a gefensa, in an tashi ya koma wurin iyalinsa, ka kira aikinsa duk abin da ka so. Ka ce kutse, ka ce ɓarna, ka ce leƙen asiri. Amma ka bar mana wannan kalmar, nauyinta ba ɗaya ba ne a bakin kowa.

Sakatare:
Ranka ya daɗe, ka gama magana. Mu da muka tashi a bariki mun san ranar da ake zuwa da mota a tsaya ƙofar gidan wani, matan layi su fara salati tun kafin a buɗe baki.

Auta:
Yallaɓai Manjo, da girmamawa, to matuƙin jirgi mara matuƙi fa? Yana zaune a Amurka cikin ɗaki mai sanyi yana kashe mutane a wata nahiya. Shi ma ba yaƙi yake ba?

Manjo (mai ritaya):
Wannan makami yake harbawa, mutum ya mutu. Nuna mini gawa ɗaya da madannin kwamfuta ya kayar.

Kwamared:
Lebanon fa? Satumbar 2024 ba na'urorin aika saƙo ne suka tarwatse a aljihun mutane ba? Har yara sun mutu.

Injiniya:
A'a Kwamared, wancan abin fashewa aka dasa a cikin na'urorin kafin su iso hannun masu su. Wani aiki ne daban. Don Allah mu koma kan tambayar, ba sunan abin nake jayayya a kai ba, wa ke ba da umarni nake tambaya.

Manjo (mai ritaya):
Kun ji ko? Shi da kansa ya ce ba shi ba ne. To ina gawar?

Malam Liman:
Bismillah. Manjo, Allah ya saka maka da hidimar da ka yi wa ƙasa. Amma ni a fahimtata ba a auna yaƙi da jini kaɗai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yaƙi yaudara ne, Bahaushe ma ya ce yaƙi ɗan zamba ne. A yaƙin Khandaƙ da Salmanul Farisi ya kawo shawarar a haƙa rami, Larabawa ba su san wannan dabarar ba, amma ba wanda ya ce masu haƙa da ɗaukar ƙasa ba mayaƙa ba ne. Abin dubawa shi ne niyya da manufa. In an yi nufin karya ƙarfin abokin gaba, to yaƙi ne, ko da takobi ko da alƙalami.

Manjo (mai ritaya):
Allah ya gafarta Malam, masu haƙa ramin nan suna cikin ramin kibiya na zuwa. Yunwa na cin su har da ɗaura dutse a ciki. Wannan misalin nawa ne, ba na Injiniya ba.

Malam Liman:
Ban ce lada ɗaya ba ne, suna na ce ɗaya ne.

Sakatare:
Malam, in lada ba ɗaya ba, ina amfanin sunan?

Dokta (Ingila):
Salam. Na shigo a makare, yanzu na tashi daga aiki. Bari in amsa wa Injiniya abin da ya tambaya, domin ni ban yarda da shi ba, amma ba a kan kalma ba.

Misalin Amurka da ka kawo ka bar rabinsa a baya. Tun ranar da aka kafa Cyber Command, kwamandanta shi ne kuma shugaban hukumar leƙen asiri ta NSA. Rawani biyu a kai ɗaya. Kuma ayyukan biyu kishiyoyi ne. Ɗan leƙen asiri in ya samu kafa ya shiga kwamfutar abokin gaba, so yake ya lafe shekara da shekaru yana saurare. Soja kuwa so yake ya lalata ta yau. Ranar da ka lalata, mai gida ya farga, ya toshe kafar, kunnenka ya tafi. Taura biyu ba ta taunuwa. An ga wannan ƙarara a 2016 da suka shirya far wa kafofin farfagandar ISIS. Wasu kwamfutocin da 'yan ƙungiyar ke ajiye kayansu a ƙasashen ƙawayen Amurka suke, aka yi ta ja-in-ja tsakanin soja da ma'aikatar harkokin waje da CIA kan ko a sanar da waɗannan ƙasashe ko kada a sanar. Sai a Nuwamba aka kai farmakin. Ash Carter, wanda shi ne sakataren tsaro a lokacin, bayan ya sauka ya faɗa da kansa cewa aikin rundunar a kan ISIS bai gamsar da shi ba. Ga kwamanda ɗaya fa, amma izini bai zama ɗaya ba, sai a 2018 Trump ya sassauta matakan neman izinin. Sannan a Afrilun 2025 da aka sallami Janar Timothy Haugh, kujeru biyu suka girgiza rana ɗaya.

Sin ma ta gwada tara komai a tukunya ɗaya a ƙarshen 2015, sararin samaniya da kutse da sadarwa duk a runduna guda. A Afrilun 2024 ta rushe ta, ta raba gida uku. Nan Ingila kuwa tsaron gida yana hannun farar hula, farmaki kuma a 2020 suka bayyana wata runduna ta haɗin gwiwa tsakanin soja da hukumar leƙen asiri ta GCHQ. Bankuna da kamfanonin waya ba na soja ba ne, ba za ka sa janar ya riƙa ba manajan banki umarni ba.

Injiniya:
Alhamdu lillahi, ga wanda ya karanta. Yaya Dokta, amma ka duba abin da Sin ta yi da kyau. Da ta raba ukun, ɗaya daga ciki rundunar intanet ce zalla, kuma kai tsaye take amsa umarni daga majalisar ƙoli ta soja da Xi Jinping ke shugabanta. Kusantar da ita sama aka yi, ba watsa ta aka yi ba. Maganar rawani biyu na yarda matsala ce, shi ya sa ma a Amurka wasu ke kira a yi reshe mai zaman kansa, yadda aka cire sojan sama daga cikin sojan ƙasa a 1947, aka kuma yi na sararin samaniya a 2019. Dalilinsu shi ne yanzu kowane reshe shi ke ɗaukar mutanensa ya horar ya aiko aro, yaro ya ƙware sai a ɗauke shi a mayar da shi wani aikin don ya samu ƙarin girma.

Manjo (mai ritaya):
Reshe na huɗu! Wato gobe yaron da bai taɓa kwana a rami ba ya zama janar, wanda ya bar ƙafarsa a daji ya sara masa. Dokta, kai ma ka ce "farmaki" har sau biyu. Farmaki da me? Ku 'yan boko kun ɗebo kalmomin soja kuna yafa wa aikin ofis.

Dokta (Ingila):
Yallaɓai, ni fa a wani ɓangaren bayanka nake.

Kwamared:
Dokta ba ya bayan kowa sai Turawansa. Duk misalin da za a kawo a zauren nan daga Amurka sai Ingila, kamar su ne malaman duniya. Su wa suka fara wannan ɓarnar? Manhajar Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz, wa ya ƙera ta? Duniya ta san Amurka da Isra'ila ake nuna wa yatsa. Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, a 2013 ya tona yadda NSA ɗin da kuke yabo ke sauraren kowa, har wayar shugabar gwamnatin Jamus. Su in sun yi sunansa tsaro, wani in ya yi sunansa ta'addanci.

Dokta (Ingila):
Ni na yabi NSA? Koma ka karanta. Kuma tunda ka kawo, Rasha fa? Ranar 23 ga Disambar 2015 aka kutsa kamfanonin rarraba wuta a yammacin Yukren, mutum sama da 200,000 suka zauna a duhu tsakiyar hunturu. Ranar 24 ga Fabrairun 2022, kafin tankokin Rasha su gama tsallaka iyakar Yukren, aka kashe na'urorin sadarwar tauraron ɗan Adam na kamfanin Viasat, abin ya taɓa har injinan wutar iska dubbai a Jamus. Wannan kai tsaye amsa ce ga Manjo ma: tare da harsashi aka tsara shi, sa'a ɗaya, manufa ɗaya.

Kwamared:
Wa ya ce Rasha ce? Su Amurkan. Kawo hujja.

Dokta (Ingila):
Kai ka kawo hujjar Stuxnet? Ba wanda ya amsa wannan ma.

Kwamared:
Wannan kowa ya sani.

Manjo (mai ritaya):
Dokta, ka taimake ni ba ka sani ba. An kashe musu na'ura, sai me? Sai da aka turo tankoki da yara masu bindiga. Da abin naku yaƙi ne da ya wadatar. Mu a soja muna da sashen sigina tun kafin a haifi Injiniya. Suna gyara mana rediyo, suna toshe ta abokin gaba, muna girmama su. Amma kwamandan bataliya ne ke cewa a yi, su bi. Haka ya kamata wannan ma ya zauna, ƙarƙashin mai riƙe da ƙasa.

Auta:
Yallaɓai, a watan Yunin 2019 da Iran ta harbo jirgin Amurka mara matuƙi, Trump ya fasa kai harin bam, ya ce mutum 150 za su mutu. Jaridu suka ruwaito an kai na intanet a madadinsa. Ka ga an ajiye ɗaya an ɗauki ɗaya, ashe kenan makamai ne na rumbu guda.

Manjo (mai ritaya):
An ajiye yaƙi an ɗauki abin da ba yaƙi ba, don kada a yi yaƙi. Auta, shekarar da na shiga soja ko auren mahaifiyarka ba a yi ba.

Auta:
Haba Yallaɓai, me ya kawo mahaifiyata cikin maganar nan?

Hajiya Babba:
Manjo, wannan bai dace ba, ka janye. Auta ɗanmu ne, kuma da ladabi ya yi tambaya.

Manjo (mai ritaya):
Ban nufi cin fuska ba Hajiya, shekaru nake nunawa. Auta ka yi haƙuri.

Hajiya Babba:
To madalla. Ni kuma bari in faɗi nawa, ku kira shi yaƙi ko ku kira shi wasa. Bara wani ya kira ni da muryar ma'aikacin banki, ya karanta mini sunana da ranar haihuwata, kafin in ankara jarin atamfofina ya tafi. Na yi sintiri har takalmina ya cinye. Can a ce in je can, can a ce ba hurumminsu ba ne. Abin da Injiniya ke faɗa kenan ai, ba ka san ƙofar da za ka buga ba. Wata uku ban yi barcin kirki ba, hawan jini ya kama ni. Manjo yana neman gawa, saura kaɗan ya samu tawa.

Sakatare:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma wannan damfara ce, aikin 'yan sanda, ba na soja ba.

Na Gusau:
Ni shawarata a kwashe yaran nan 'yan Yahoo da ake kamawa a sa su a rundunar. Ɓarawo shi ya san sawun ɗan'uwansa.

Malam Liman:
Subhanallah. A ɗauki wanda ya cuci marayu da zawarawa a damƙa masa sirrin ƙasa? Amana fa ake magana.

Na Gusau:
Malam, an yi wa waɗanda suka ɗauki bindiga afuwa an koya musu sana'a, sai mai waya ne tubansa ba ya karɓuwa?

Injiniya:
Yawancin yaran nan ba ƙwararru ba ne, daɗin baki ne jarinsu. Wanda zai iya shiga na'urar tashar wuta daban, mai yi wa tsohuwa ƙaryar soyayya daban. Estoniya da aka far mata a 2007, bankuna da jaridu da shafukan gwamnati suka tsaya, ba 'yan damfara ta nema ba. Injiniyoyin kamfanoni ta tsara a matsayin 'yan sa-kai ƙarƙashin rundunar tsaron ƙasa, kowa na aikinsa, in an kira ya zo.

Hajiya Babba:
Wallahi in na ga wanda ya cuce ni cikin kaki sai na kai ƙara har gaban Allah.

Na Gusau:
Ku bar wannan ma. Mu mun ga naku yaƙin na waya da idonmu. Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wajen wata uku wasu wuraren ba sabis. Masu POS suka rufe, mutum sai ya shiga mota ya bar jiha kafin ya gaya wa ɗan'uwansa an yi rasuwa. Ƙauye in an shigo musu ba halin kiran agaji. Ɓarayin dajin sun ƙare? Wa ya zauna ya auna ribar da asarar? In runduna ɗaya na nufin mutum ɗaya ya kashe wa jiha waya da sa hannu ɗaya, ni ban so.

Sakatare:
Na Gusau, a makonnin farko an samu sauƙi, kowa ya shaida. Kai dai ba ka son gwamnan lokacin ne.

Na Gusau:
Kai kuma kana son sa don jam'iyyarku ɗaya. Kana Kaduna cikin gari wayarka na aiki kana ba ni labarin sauƙi.

Sakatare:
Dokar zaure ta hana siyasa.

Na Gusau:
Kai ka fara ambaton gwamna.

Barista:
Ku tsaya. Maganar Na Gusau ita ce mafi nauyi a duk abin da aka faɗa yau, kuma ta shafi kalmar da ake faɗa a kanta. Ni ina tare da Manjo cewa kada a kira shi yaƙi, amma dalilina daban. Da zarar ka ce yaƙi, ka buɗe ƙofar da doka ke rufewa: sirri, gaggawa, ba tambaya, ba kotu. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ɗora haɗa kan hukumomi a ofishin mai ba da shawara kan tsaro, to a takarda Injiniya akwai amsar tambayarka. Amma ita wannan dokar, da sashe na 24 nata aka riƙa gurfanar da 'yan jarida da masu rubutu a Facebook, sashen da aka yi wa gyara a 2024. Mun ga an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Rundunar da aka kafa don abokin gaba na waje, in ba a gindaya mata iyaka ba, wayarka da tawa za ta fara leƙawa, don mu ne kusa.

Injiniya:
Barista, haɗa kan hukumomi daban, ba da umarnin a rama daban. Mai haɗa kai taro yake kira.

Manjo (mai ritaya):
Na gode Barista. Lauya ma ya ce ba yaƙi ba ne.

Barista:
Yallaɓai, na ce dalilina daban. Ni tsoron ba soja wannan ikon nake.

Manjo (mai ritaya):
Sojan da ke tsare ka kana barci shi kake tsoro?

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, rezo ne, wato sabis, ya hana ni shigowa. Manjo, ina da tambaya. Zamanin da bindiga ta shigo ƙasar Hausa, mahaya dawaki ba raina ta suka yi ba? Jarumi shi ne mai sulke da mashi, bindiga a bar wa bayi. Sarkinmu Tanimu bai raina ba, ya tara bindigogi, har igwa aka ƙera masa a Damagaram, kuma kowa ya san yadda maƙwabta suka ji da shi. Mai harba igwa daga nesa, barde zai ce ba mayaƙi ba ne. Amma shi ke fasa ganuwa.

Na Gusau:
Igwar ta hana Faransawa shiga Zinder?

Ɗan Damagaram:
Ku taku ganuwar ta hana Ingilishi shiga Kano a 1903? Mu dai yau mun sallami sojan Faransa, mun sallami na Amurka daga Agadez. Ku fa?

Kwamared:
Faɗa musu! Wannan shi ne 'yanci.

Dokta (Ingila):
An sallami wasu an kawo wasu. Na'urorin da ake saye a hannun baƙo, shi ya san ƙofar bayansu, ko daga ina ya fito.

Ɗan Damagaram:
Wanda ke zaune a Landan ba zai koya mana kishin ƙasa ba.

Dokta (Ingila):
Kuɗin da nake turowa gidauniyar zauren nan duk wata ba a taɓa tambayar daga wane gari suka fito ba.

Hajiya Babba:
Dokta, gori kuma? Ba halinka ba ne.

Auta:
Yallaɓai Manjo ya ce mai kwamfuta ba ya fuskantar mutuwa. A Mayun 2019 Isra'ila ta jefa bam a wani gini a Gaza, ta ce masu kutsen Hamas ne a ciki. To ga shi an mayar wa madanni martani da bam.

Kwamared:
Kada ka maimaita mana ƙaryar Isra'ila a nan. Kowane gini suka rusa sai sun samo masa suna.

Auta:
Ban ce gaskiya suka faɗa ba Yaya, abin da suka ce na faɗa.

Malam Liman:
Allah ya kawo wa mutanen Gaza ɗauki. A bar wannan misalin, zuciya ba ta ɗauka.

Injiniya:
'Yan'uwa, da safe an karɓe mini makirufo, da dare an karɓe mini magana. Mutum biyu ne kawai suka taɓa abin da na tambaya. Ku ɗauka na janye kalmar, ku sa duk wadda kuka ga dama. Babban layin wutar ƙasar nan yana faɗuwa sau da yawa a shekara. Ranar da ya faɗi saboda hannun wani daga waje, wa zai fara ganewa, wa zai gaya wa shugaban ƙasa, kuma wa ke da ikon cewa a mayar da martani? Manjo, kai da ka san tsarin umarni fiye da kowa a nan, kai na so ka amsa.

Manjo (mai ritaya):
Tunda ka janye, magana ta ƙare. Allah ya yi maka albarka ƙanena. Amsar kuwa na ba ka tun ɗazu: a ƙarƙashin hafsan da ya san daji.

Injiniya:
Ban janye don na yarda ba Yallaɓai, don a wuce wurin ne.

Sakatare:
Jama'a dare ya yi, bari in taƙaita kamar yadda muka saba, don waɗanda za su karanta da safe.

Injiniya ya kawo koke kan wulaƙancin da aka yi masa a wani taro, zaure ya jajanta masa. Ya nemi a kafa rundunar intanet mai zaman kanta. Babanmu Manjo, wanda shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa jin ƙarar harsashi a kansa, ya yi gyara cewa wannan aiki ba a kiran sa yaƙi, kuma har aka tashi ba wanda ya kawo gawa ɗaya da kwamfuta ta kayar. Barista ya goyi bayansa ta fuskar doka. Dokta ya nuna cewa Amurka da Sin da suka gwada tara abin wuri guda sun gamu da matsala, wanda shi ma ƙarin ƙarfi ne ga maganar Manjo. Malam Liman ya yarda lada ba ɗaya ba ne. A ƙarshe Injiniya da kansa ya janye kalmar, muna yaba masa da wannan tarbiyya.

Abin da akasarin zaure ya tsaya a kai shi ne aikin na'ura taimako ne ga soja kamar sashen sigina, kuma wurinsa ƙarƙashin hafsoshin da suka yi fagen daga. Shawarar ɗaukar 'yan Yahoo ba ta samu karɓuwa ba. Maganar rufe layukan waya siyasa ce, ba za ta shiga kundin zaure ba, kuma Na Gusau wannan gargaɗi na biyu kenan. Dokta da Ɗan Damagaram ku kira juna ku sasanta kafin Juma'a. Hajiya Babba, akwai ɗan ajinmu da ya san hanyar bin irin kuɗin nan, zan haɗa ku gobe in Allah ya kai mu.

Na rufe zaure, sai bayan sallar asuba.